Yadda ma'aurata masu sabon goyo za su koma yawo da keke a Sakkwato

Tambaya ɗaya ce ke ta dawowa daga mata da mazan da suka saba fita da keke tare kafin Allah ya ba su ƙaruwa: yaushe za mu koma, kuma ta yaya za mu tafi da yaron? Amsar tana da matakai, kuma kowane mataki yana jiran na gabansa. A Sakkwato rana, ƙaya da yashi ne ke yanke hukuncin kowace fita, don haka duk abin da ke ƙasa an auna shi ne da su.

1. Jikin mai jego kafin komai

Kada uwa ta hau keke sai ta yi arba'in, ta kuma je awon bayan haihuwa da ake yi a mako na 6, ma'aikaciyar jinya ko likita sun duba ta sun ce babu matsala. Idan an yi mata ɗinki a ƙasa, sai wurin ya warke sarai, domin sirdi daidai nan yake dannawa. Wadda aka yi wa tiyata aka ciro yaron takan buƙaci fiye da haka, sau da yawa wata 3 ko sama, kuma likitan da ya san aikin ne zai ba da rana.

Ta fara da tafiyar ƙafa ta minti 15 zuwa 20 da sanyin safiya har na mako 2. Daga nan ta hau keke a fili mai laushi, minti 10, ba kaya, ba hawan tudu. Ta riƙa ƙara minti 5 duk bayan fita biyu.

Gargaɗi: idan jini ya dawo bayan ya ɗauke, ko fitsari na zubowa ba da niyya ba, ko ta ji nauyi kamar wani abu zai sauko mata ta ƙasa, ta ajiye keken ta koma asibiti. Abin da ya fi wannan haɗari shi ne ciwon zuciya na bayan haihuwa, wanda likitoci suka daɗe suna gani da yawa a ƙasar Hausa. Alamunsa haki a kan ƙaramin aiki, kumburin ƙafa, tari da kasa numfashi idan an kwanta, da bugun zuciya da sauri. Mai jegon da ta ga ɗaya daga cikin waɗannan kada a ce mata gajiyar jego ce ko rashin motsa jiki. A kai ta asibiti a ranar. Kunun kanwa da yawan gishiri suna ƙara wa irin wannan zuciyar nauyi, a gaya wa likita gaskiyar abin da take sha.

2. Shekarar farko: yaro ba ya hawa

Nan ne mutane suka fi jayayya, kuma nan ne ba a sassauci. Jaririn da bai cika wata 12 ba kada a ɗora shi a keke, ko a kujera, ko a ƙaramar tirelar da keke ke ja, ko a baya. Wuyansa bai yi ƙarfin riƙe kansa da nauyin hular kwano ba, ga girgizar hanya tana kaɗa masa kai. Wasu kujerun an rubuta musu "daga wata 9", amma waɗanda suka rubuta ba su yi lissafin ramukan unguwanninmu da hanyoyin burji ba.

Kafin a ce yaro ya isa, a ga abu uku tare: ya cika shekara, yana zama da kansa daram ba tare da jingina ba, kuma idan an sa masa hular kwano yana iya riƙe kansa tsaye na minti 10 zuwa 15 yana wasa a tabarma.

Gargaɗi: goyo da zane a kan keke haramun ne a wannan harkar, komai ƙwarewar uwa. Idan ta faɗi ta baya, a kan yaron za ta faɗi da duk nauyinta. Idan majanyi ya kwance, hannayenta biyu suna kan keke. Ganin ana yi a kan kabu-kabu kullum bai mayar da shi daidai ba.

To me za ku yi a wannan shekarar? Ku yi karɓa-karɓa. Bayan sallar Asuba ɗaya ya fita ya yi minti 40, ɗaya na tare da yaro, gobe a sauya. Idan kuna son fita tare, ku bar shi wurin kakarsa ko gwaggonsa bayan ya sha nono ya ƙoshi, ku yi zagayen da ba zai nisanta ku da gida fiye da minti 15 ba. A wata 6 na farko nono zalla yake sha, ko ruwa ba a ba shi, don haka tazarar da ke tsakanin shan nono biyu ita ce iyakar tafiyarku. Uwa ta shayar kafin ta hau. Hawa da nono cike yana da ciwo.

3. Keken da zai ɗauki yaro

Keken tsere mai siririyar taya ku ajiye shi don fitar mutum ɗaya. Wanda zai ɗauki yaro yana buƙatar waɗannan:

Taya mai lamba 26, faɗinta inci 1.75 zuwa 2.1. Ita ce ake samun tayarta da tiyub ɗinta cikin sauƙi har a wurin masu gyara na ƙauye, kuma faɗinta na taimakawa a yashi.

Jiki mai saukakken ƙarfe a tsakiya, wanda ake kira keken mata. Da zarar an ɗaura kujera a baya, ba dama a wurga ƙafa ta baya a hau kamar yadda aka saba, sai a shuri yaron a fuska. Maigida ma kada ya ji kunyar hawa irin wannan. Shi ya fi sauƙin dira idan abu ya taso.

Birki biyu masu kamawa, gaba da baya. Ku duba takalmin birki: idan tsagin da ke jikinsa ya shafe, a sauya. Ku matse hannun birki. Idan ya taɓa maƙamar hannu kafin ya kama, wayar ta saki, a ja ta ko a sa sabuwa.

Giya mai sauƙi, ko da guda 6 ko 7 ce a baya. Garin ba shi da manyan duwatsu, amma iskar hunturu idan ta tare ku ta gaba da yaro a baya, sai kun nemi ƙaramar giya.

Murfin sarƙa da kariyar tayar baya, da ƙafar jingina mai reshe biyu.

Tsayin sirdi: a kwanakin farko ku sauke shi santimita 2 zuwa 3 ƙasa da yadda kuka saba, yadda ƙafa za ta taɓa ƙasa ba sai an karkata keken ba. Idan sirdin mai sifirin ne a ƙarƙashi, a naɗe sifirin ɗin da tsohon tiyub a ɗaure, domin yatsun yaro can suke zuwa, kuma yana datsewa.

Game da sutura: hijabi mai tsawo ko gefen zane idan ya shiga taya ko sarƙa yana fizgo mutum ƙasa nan take, kuma kowa a garin nan ya taɓa jin wadda hakan ya same ta a kan babur. Uwargida ta sa wando mai kauri a ciki, doguwar riga da ba ta wuce ƙwauri ba, da hijabin da ya tsaya a ƙugu. Idan mai tsawo take so, ta tattare shi ta gaba ta soke, ta sake shi idan an sauka. Maigida ya naɗe ƙafar wandonsa ta dama, ya bar babbar riga a gida. Takalmi ya zama rufaffe, ban da silifa.

4. Kujera, hula da inda kuɗin zai tafi

Kujerun yara iri uku ne. Ta gaba, wadda ke tsakanin mai tuƙi da kan keke, yawanci iyakarta kilo 15. Tana da daɗin hira da yaro, amma shi ke fara shan ƙura da iska, kuma da wuri yake fin ƙarfinta. Ta baya tana ɗaukar har kilo 22, wato za ta kai shi shekara 4 zuwa 5. Sai ƙaramar tirela mai taya biyu da keke ke ja. Ita ba ta faɗuwa idan keken ya faɗi, sai dai tana ƙasa-ƙasa daidai bakin salansar mota, direba ba ya ganin ta da wuri, tana nutsewa a yashi, ga ƙarin taya biyu da ƙaya za ta nema. A Sakkwato kujerar baya ta fi dacewa.

Kujerar kirki tana da bayan da ya kai tsayin kan yaro, bel mai kama kafaɗu biyu da tsakanin ƙafafu, matakin ƙafa mai maɗauri, da bango a gefe da ke raba ƙafarsa da wayoyin taya. Idan ɗaya daga cikin huɗun nan babu, ku bar ta a shagon. Ƙafar yaro a cikin wayoyin taya na daga cikin raunukan da aka fi samu a ɗaukar yara a keke. Tana saɓule fatar diddige, wani lokaci har da karaya.

Gargaɗi: kujerar da mai walda ya haɗa da rodi, ko kwandon roba da aka ɗaure da igiya a kariya, wato mazaunin kaya na bayan keke, ba kujera ba ce. Ƙarfen yana ɗaukar zafin rana, ba ya lanƙwasa ya shanye bugu, kuma bakin walda yana yanka.

Idan kujerar a kan kariya take zama, ku duba lambar da aka buga a jikin kariyar. Ana son wadda aka rubuta kilo 25 ko sama, mai ƙafafu da aka ɗaure da noti a jikin keken. Kariyar da ke maƙale a sandar sirdi kawai ba ta ɗaukar yaro.

Hular kwano kuwa, ku ɗauki tef ɗin tela ku auna kan yaron ta saman gira da saman kunne. Na ɗan shekara ɗaya yakan faɗa tsakanin santimita 44 zuwa 48. Ku sayi wadda ta yi daidai yau, kada ku ce ku sayi babba ya girma a ciki. Zamanta: yatsu biyu tsakanin gira da bakin hular, maɗaurin ya haɗu a ƙarƙashin kunne, yatsa ɗaya kawai ya shiga tsakanin haɓa da maɗauri. Ku nemi wadda bayanta shafaffe ne, domin mai tsini tana tokarar kujera ta tura kansa gaba. Hular babur ta yi masa nauyi ƙwarai. Ku ma iyaye ku sa taku, yaro ba zai yarda da abin da bai gani a kanku ba.

Kuɗi: farashi na motsi kusan kowane wata, don haka tsarin sayen ya fi muhimmanci. Hula a saye ta sabuwa, domin wadda ta taɓa buguwa tana iya tsagewa ta ciki ba a gani. Kujera ana iya sayen ta hannu idan robar ba ta yi fari-fari ta bushe da rana ba, bel bai zare ba, kuma maƙallanta duka suna nan. Kujerar gwanjo da ta zo ba ƙarfen da ke kama ta da keke asarar kuɗi ce. Keken kansa na hannu ya wadatar, amma ku ware kusan kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa don sabbin tayoyi, tiyub, takalmin birki da wayoyinsa. Ku fara zagaya masu kekuna a Babbar Kasuwa, ku ji farashi a wuri uku. Kujera da ƙaramar hula sau da yawa sai an yi saƙo daga Kano, Abuja ko Legas, ku sa kuɗin mota a lissafi, ku kuma nemi a turo muku hoton lambar nauyin da ke jikinta kafin ku biya.

5. Ɗaurawa da gwaji da buhu

A ɗaura kujerar yadda nauyin yaro zai zauna a saman gatarin tayar baya. Kujeru da yawa suna da alama a gefe. Kada ta wuce santimita 10 a bayan gatarin, in ba haka ba gaban keken zai riƙa ɗagawa. A bar tazarar tafin hannu tsakanin sirdi da kujera don gwiwoyinsa. A ɗaure kowane noti, a kama kujerar a jijjiga da ƙarfi: keken ne zai motsa gaba ɗaya, ita kada ta yi wasa.

Sai gwaji. Ku zuba gero ko shinkafa kilo 10 a buhu, ku zaunar da shi a kujerar, ku ja masa bel. Kowannenku ya yi kwana 3 yana hawa da shi: tashi, tsayawa, juyawa a ƙuntataccen wuri, birkin gaggawa, da ɗaga hannu ɗaya don nuna kwana. Za ku ji gaban ya yi sauƙi, baya na rinjaya, kuma tsayawa tana cin ƙasa fiye da da. Gara buhu ya sha faɗuwar farko. Bayan gwajin a sake bin notuna, don sukan saki.

6. Zaɓen wata da sa'a

Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40, kuma dare ma ba ya hucewa sosai. A waɗannan watannin yaro ba ya fita yawon keke, ko da safe, in ban da zagayen unguwa na minti 15 kafin ƙarfe 7:30. Jikin ƙaramin yaro yana ɗaukar zafi da sauri fiye da na babba, ga shi a ɗaure cikin roba da hula a ka, ba ya kuma iya cewa ya galabaita. Lokacin sanƙarau ne kuma, a tabbata ya samu rigakafinsa na wata 9, wato na ƙyanda, shawara da sanƙarau.

Mafi daɗin lokaci daga ƙarshen Oktoba ne zuwa Fabrairu. A tsakiyar hunturu rana ba ta fitowa sai wajen ƙarfe 7, kuma sanyin asuba yana ratsa yaron da ke zaune ba ya motsi alhali ku kuna gumi. Ku jira ƙarfe 8, ku sa masa riga biyu da safa, ku shafa masa man kaɗe a fuska da leɓe, ku dawo kafin 10:30. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango ƙarshen titi, a fasa: ƙurar tana tayar da tari da asma, direbobi kuma ba sa ganin ku.

Da damina, daga Yuni zuwa Satumba, gari yana yin kyau, fadama ta yi kore, amma hadari yana haɗuwa da sauri kuma iska ce ke riga ruwa isowa. Da kun ga gabas ta yi baƙi, ku juya. Kada ku tsaya ƙarƙashin itace. Kada ku ratsa ruwa mai gudu da yaro a keke, ko da iya idon sawu ne. Idan masu rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan wata 3 zuwa 59 sun zo gida-gida, a karɓa, a kuma cika kwana ukun kowane zagaye.

7. Zaɓen hanya

Ku fara da titunan unguwa masu faɗi da ƙarancin mota, irin na GRA, da safiyar Asabar ko Lahadi. Idan ƙafa ta saba, hanyar da ta bi ta Kwalkwalawa zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo tana da abin kallo: ruwa, masunta, gonakin fadama, shanu da raƙuma, abubuwan da ke sa yaro ya yi ta nuni da yatsa. A ranakun karatu motocin ɗalibai da ma'aikata suna cika ta da safe, ku zaɓi ranar hutu.

Ku kauce wa hanyar Kalambaina saboda manyan motocin siminti. Iskar tirela kaɗai tana iya ture keke mai nauyi a baya. Haka manyan hanyoyin Gusau, Illela da Birnin Kebbi, da cunkoson kasuwa inda kabu-kabu da Keke Napep ke kutsawa ta ko'ina. Kowace sabuwar hanya, ɗayanku ya fara bin ta shi kaɗai, ya san inda inuwa take, inda yashi yake, inda mai faci da mai shayi suke, da inda karnuka ke biyo mutum.

Gargaɗi: batun tsaro ba abin ɓoyewa ba ne. Gabashin jihar, wajen Isa, Sabon Birni, Rabah, Goronyo da Wurno, da kuma yankin Tangaza da Gudu, sun sha fama da 'yan bindiga. Duk yadda kuke marmarin ganin madatsar ruwa ta Goronyo ko ziyartar hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno, ba tafiyar keke da yaro ba ce a wannan halin. Ko ƙauyukan kusa da gari, a kira wanda ke zaune can a daren tafiya a ji labari, a gaya wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin dawowa.

8. Kayan tafiya

Mai ɗauke da yaro kada ya goya jaka a baya, za ta riƙa bugun fuskar yaron. Kaya na keke na biyu ne.

Ruwa: kowane babba ya lissafa rabin lita zuwa lita ɗaya a kowace sa'a, mai shayarwa ta ƙara rabin lita a kai. Na yaro daban, tafasasshe ko na gora, a kofinsa. Ku naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma, iska za ta sanyaya ta.

Abinci: ayaba, dafaffen ƙwai, dafaffen dankali, kunu a filas. Dabino da ƙuli-ƙuli naku ne. Gyaɗa, aya da dabino mai ƙwallo suna shaƙe ƙaramin yaro. Nonon shanu na kan hanya da ba a dafa ba kada a ba shi. Kuma ba a ba shi komai a baki keke na tafiya.

Na lafiya: fakiti 2 na ORS, wato garin ruwan gishiri da sukari, kowane ɗaya a lita 1 ta ruwa mai tsabta, filasta, bandeji, maganin wanke ciwo, farasitamol na yara da ma'auninsa, ƙyallen ɗaura wa yaro guda 3, kayan sauyi, zane ɗaya na shimfiɗa da yin inuwa. Idan ORS ya ƙare, ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1, a shafe bakin cokalin kada a yi tozo.

Na keke: famfo, tiyub 2, faci da salushan, ƙarfen cire taya 2, sifana mai lamba 15, filaya, da waya mai caji da kuɗi a hannu na ɗaukar mota idan tafiya ta ƙi.

9. Ranar fitar farko

A duba iska da birki kafin a fito da yaro. A taɓa kujera da ƙarfen bel da bayan hannu. Idan keken ya kwana a waje ko ya sha rana, suna ƙuna. Ɗaya ya riƙe keken da hannu biyu, ɗaya ya zaunar da yaro, ya ja bel har yatsu biyu kawai ke shiga a kafaɗa, ya ɗaure ƙafafu, ya sa hula. Mai tuƙi ya hau ta tsakiya yana matse da birki.

Gargaɗi: kada a taɓa barin yaro a kujera keke na tsaye a kan ƙafar jingina, ko na daƙiƙa biyar don rufe ƙofa. Motsi ɗaya zai yi keken ya kife, kuma faɗuwa daga wannan tsayin da kai ake yin ta.

Mai yaro ne a gaba. Na biyu ya bi baya da tazarar keke biyu, ya ɗan fito ta hagu, ɓangaren motoci, don direba ya fara ganin sa ya ba da wuri. Aikinsa kallon yaro: hula ta zame? hannu na fita? kai ya fara langaɓewa? Gudu kada ya wuce kilomita 12 zuwa 15 a sa'a. A rami ko tudun rage gudu a tafi kamar mai tafiya da ƙafa, domin ku kuna ɗaga jiki daga sirdi, shi kuwa duk bugun a bayansa yake sauka. In an zo yashi, a sauka a tura. Tayar gaba tana nutsewa ta karkace ba sanarwa.

Fitar farko minti 10 zuwa 15 ce. Mako na biyu kilomita 5, na huɗu kilomita 10. Duk minti 30 zuwa 40 a tsaya a inuwa, a sauke shi, a cire hular, ya sha ruwa ko nono, ya taka ƙasa. Idan barci ya ɗauke shi kansa ya faɗo gaba, a tsaya a shimfiɗa masa zane, kada a ci gaba da kai na lilo.

Alamun da ke cewa a koma gida yanzu: fuska ta yi ja jiki ya yi zafi, kuka ba hawaye, baki ya bushe, maɗiga ta faɗa, ya daɗe bai yi fitsari ba, ko ya yi laushi ya daina kula kowa. A kai shi inuwa, a tuɓe shi, a shafe jikinsa da ruwa mai ɗan sanyi, a yi masa fifita, a ba shi nono ko ORS kaɗan-kaɗan. Idan ya ƙi sha, yana amai, ko ya fara sanƙarewa, a tare mota zuwa asibiti mafi kusa, a bar kekunan wurin mai shago.

10. Ƙaya da faci

Tsidau a gefen hanya, ƙayar aduwa, bagaruwa da magarya a ƙarƙashin inuwar da kuke nema: a nan tayoyi ke mutuwa. Kada ku shiga ƙarƙashin itace a kan keke. Ku sauka a bakin hanya ku ɗaga shi ko ku tura a hankali, sannan kafin ku tashi ku juya kowace taya ku cire abin da ya maƙale tun bai shige ba. A gida kuna iya tsaga tsohon tiyub ku shimfiɗa shi tsakanin taya da sabon tiyub, yana rage huji sosai. Iska a bi lambar da ke gefen tayar, ta baya ta fi ta gaba kaɗan saboda nauyi, kuma kada a cika ta tam a bar keken a rana.

Idan ta baya ta sace, ga tsari. A fara sauke yaro a kai shi inuwa da ɗayanku. A duba ƙasa kafin a shimfiɗa zane, saboda ƙarangiya da kunama. Keke mai kujera ba ya kifuwa a kan sirdi, kuma ba lallai a cire tayar ba. A kwantar da shi ta gefen da ba sarƙa, a ɓalle gefe ɗaya na tayar, a zaro tiyub a bar bawul a wurinsa. A ɗan busa iska, a bi da kunne ko jiƙaƙƙen yatsa har a samu hujin. A kankare wurin ya fi facin faɗi, a shafa salushan siriri, a jira minti 3 zuwa 5 har ya daina ƙyalli, a manna faci a danne minti ɗaya. Kuskuren da aka fi yi biyu ne: manna faci salushan bai sha iska ba, da mayar da tiyub ba a cire ƙayar daga taya ba. A bi cikin tayar da tsumma har sai ya kama tsinin, kuma a duba ko huji biyu ne, don tsidau ba ya shiga shi kaɗai.

Sarƙa kuwa, ƙurar hunturu da baƙin mai idan sun haɗu suna cinye ta kamar dutsen niƙa. Duk bayan fita biyu a goge ta da tsumma, a ɗiga man keken ɗinki ko man sarƙa kaɗan, a juya feda, a sake gogewa har sai ba ta maiƙo a waje.

11. Tafiyar kwana ɗaya

Sai yaro ya yi aƙalla wata 2 yana fita ba matsala, kuma kun taɓa yin kilomita 15 kun dawo da sauran ƙarfi. Ku zaɓi garin da kuke da dangi ko amini, wanda mota ke zuwa, mai asibiti ko ɗakin shan magani. Kwana a tanti cikin daji da yaro ba na wannan lokacin ba ne. Kada tafiyar yini ta wuce kilomita 20 zuwa 25, a gama ta kafin ƙarfe 10:30, a yini a huta, a dawo washegari da safe. Idan wani ɓangaren hanyar babban titi ne, a ɗora kekunan a mota a tsallake shi.

Ku tafi da gidan sauronku da igiyar ɗaura shi, da katin rigakafin yaro, da tocila. Idan kun isa, mai masaukinku ya kai maigida ya gaida mai gari, uwargida ta shiga cikin gida wurin mata. Baƙon da aka san da zuwansa shi ake gaya wa gaskiyar hanya. Tsofaffi za su ce, "Haba 'yan nan, ina za ku da jinjiri cikin wannan rana?" Ku nuna musu bel da hula, ku gaya musu ƙarfe nawa kuka taso da ƙarfe nawa za ku koma. Kekunan su kwana a cikin gida, a rufe kujerar da zane saboda raɓa da ƙura. Da asuba a kakkaɓe takalma da hular yaro kafin a sa, a matsa tayoyi da yatsa, don ƙaramin huji cikin dare yake nuna kansa.